Kwale-kwale a Garin da Ba Kogi

A Makka aka haife ni, a unguwar Shisha na girma, kuma har na cika shekara talatin ban taɓa shiga ruwan da ya wuce idon sawuna ba. Wannan ba abin kunya ba ne a garinmu. Duwatsu ne suka kewaye mu ta ko'ina, ba kogi, ba tafki, ko rafin da akuya za ta tsallake babu. Ruwan da muka sani shi ne na famfo da na Zamzam, sai kuma wanda ba ma son ambatonsa, wato sail, ambaliyar da ke gangarowa daga kan duwatsu in an yi ruwan sama, ta cika titi kafin ka gama sa takalmi, ta kwashi motoci ta jibge su a bakin gada.

Mahaifina mai tsire ne. Rumfarsa na bayan kasuwar unguwarmu, inda Larabawa ke yin layi tun la'asar suna cewa a ba su "sire", yaji ya kama su su yi ta hawaye, gobe su dawo. Mahauta ne mu tun daga ƙasar Kano. Kakansa ne ya taho a ƙasa ta Sudan da wuƙarsa a ƙugu, ya yi aikin hajji ya ƙi komawa. Baba mutum ne mai sauƙi a kan komai in ban da ruwa. Sail ya tafi da ƙaninsa suna yara, iyakar abin da aka gaya mana ke nan, kuma ba wanda ya isa ya nemi ƙarin bayani. Tun muna ƙanana ya koya mana darasi ɗaya, ya yi ta maimaita shi har ya bi jikinmu: duk titin da ka shiga, fara duba inda za ka hau. Matakala ce, katanga ce, rufin shago ne, ka san inda yake kafin ka tuna abin da ya kawo ka. Har yau in na shiga gidan biki idona sai ya fara neman bene.

Aikina tuƙin bas ne. Ina ɗauko alhazai daga tashar Kudai, in bi da su ta cikin ramin dutse zuwa Harami, in juyo in ɗauko wasu. Tafiyar gajera ce, jiran layi ne mai tsawo, kuma a wannan jiran ne wata rana na ga abin a waya. Wani mutum ne durƙushe cikin ɗan siririn kwale-kwale, da filafili mai kai ɗaya a hannunsa, ruwa fari fat yana tafasa a ƙarƙashinsa, shi kuma yana kutsawa tsakanin wasu sanduna da aka rataye a sama. Ruwan ya kifar da shi. Na ce inna lillahi, shi ke nan. Ban rufe baki ba sai ga shi ya mirgino ya taso, ya girgiza kai, ya ci gaba da tuƙinsa kamar ba a yi ba. Na yi ta maimaita wurin nan har direban da ke bayana ya gaji ya danna mini hon.

Haushi na ji, ba komai ba. Shekara talatin ana koya mini gudun ruwa, ga wani bawan Allah yana wasa da shi da rana tsaka, har ana tafa masa.

Na bincika na gano akwai wata ƙungiyar masu tuƙin kwale-kwale a Jidda, a wani lungun teku da ruwansa ke kwance. Ranar hutuna na tafi. Mai horarwar, wani dogon Bamisire da rana ta gama gasawa, ya tambaye ni ko na iya iyo, na ce a'a. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce Makka. Dariyar da ya yi sai da duk wanda ke wurin ya waiwayo. Ya ce in je in koyi iyo tukuna, a zatonsa ya rabu da ni ke nan. Wata uku na yi ina shan ruwan wurin koyon iyo a unguwar Zahir, ƙato da ni da gemu ina riƙe da gefen bango ina watsa ƙafa. Ranar da na koma Jidda ya dube ni ya sake duba, sannan ya miƙo mini filafili.

A wannan tsere ba zama ake yi a cikin kwale-kwalen ba, durƙusawa ake yi, ka zauna a kan dugaduganka, a ɗaure cinyoyinka da maɗauri. Sababbin shiga ba sa daɗewa ƙafarsu ta mutu, su fito suna ɗingishi suna tsine wa wanda ya ƙago abin. Ni kuwa ko a jikina, wai an tsikari kakkausa. Wanda ya saba zaman tahiya a kan dutsen Harami daga magariba zuwa isha, me durƙuson awa ɗaya zai yi masa? A nan ne mai horarwar ya fara kallona da idon mutunci.

Sau ɗaya nake samun zuwa Jidda a mako, sauran kwanakin sai na mai da saman gidanmu kogi. Na ɗora katako a kan tsohuwar tayar bas don ya riƙa karkata, na rataye sandunan shara biyu a igiyar shanyar Umma, in durƙusa da safe kafin rana ta yi zafi ina tuƙa iska. Wani maƙwabcinmu ya hango ni daga tagarsa, kafin azahar labari ya kai masallaci cewa ɗan mai tsire ya zautu. A Kudai abokan aiki suka naɗa ni Sarkin Ruwa, in na shigo su durƙusa suna kwasar gaisuwa. Dattawan unguwa kuma, da yake mahauta da masunta abokan wasa ne, suka riƙa tsokanar Baba wai ɗansa ya gudu daga nama ya koma kifi. Baba ya yi kunnen uwar shegu da su. Ni ma bai ce mini komai ba, don yayana ya tabbatar masa ruwan Jidda a kwance yake kamar ruwan randa.

Na fi shekara a haka, sai mai horarwar ya ce akwai tsere a wata ƙasa maƙwabciyarmu, inda aka gina kogi da siminti, manyan injuna na tunkuɗo ruwan. Akwai rukunin sababbin shiga. Mako ɗaya za a yi ana horo a wurin, sannan a fafata. Sunana na cikin waɗanda zai tafi da su.

A gidanmu, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Umma kan yi tuwon shinkafa miyar kuka, a zuba a babban faranti ɗaya, Baba da mu 'ya'yansa maza mu kewaye shi. Ko aure ka yi ka koma wata unguwa, wannan farantin ba a tsallake shi. A nan ake shawara, a nan ake faɗa, a nan ake shiryawa, kuma duk wanda hannunsa ke ciki ya san Baba ya yarda da shi. A nan na gaya masa, don ban iya rufa-rufa ba.

Baba ya tsame hannunsa daga miya ya ce, "Ruwan yana gudu?"

"Yana gudu, Baba. Amma mutane ne suka gina shi, in aka kashe inji sai ya tsaya."

"Ya waladi, ɗana, wanda ya cinye ƙanina ma ai ya tsaya daga baya."

Na yi masa bayanin hular kwano, da rigar da ke hana nutsewa, da masu ceto da ke tsaye da igiya a kowace kwana. Ya bari na gama tsaf, bai katse ni ba ko sau ɗaya. Sannan ya ce, "Kai ba yaro ba ne, ba zan ɗaure ka ba. Amma ranar da ka shiga ruwa mai gudu, halas, shi ke nan, hannunka ba zai ƙara shiga farantina ba."

Maganar ta yi mini zafi har cikin ƙashi. Ina son mahaifina, kuma ban taɓa saɓa masa ba a kan aiki ko tufafi ko abokai. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan da ya hana kakansa komawa Kano shi ne a kaina. Na ƙarasa lomata, na lashe hannu, na ce Allah ya ƙara girma. Washegari na nemi ijaza, wato hutu, a wurin aiki.

Ƙarar kogin na fara ji kafin in gan shi. Wannan ƙarar na san ta, ita ce wadda muke ji daga saman bene in sail ya sauko. Kogin ba shi da faɗi, bai fi titin unguwarmu ba, amma ruwan na dukan duwatsun da aka dasa a ciki yana tashi sama. A kansa an rataye ƙofofin tsere, kowace ƙofa sanda biyu. Koraye kana bi ta tsakaninsu kana gangarawa, jajaye kuwa sai ka juyo ka haura ruwan sannan ka ratsa su. In ka taɓa sanda a ƙara maka daƙiƙu kaɗan a lokacinka, in ka tsallake ƙofa a ƙara maka masu yawan da ba za ka farfaɗo ba.

Ranar farko ban kai ƙofa ta uku ba na kife. A Jidda na koyi mirginowa in tashi, na yi shi sau ba adadi a ruwa mai kwanciya, amma a nan komai ya gudu daga kaina. Kai a ƙasa, ƙafafu a ɗaure a sama, ruwa na jan filafilin yana buga hulata da dutse. Ba ka ganin komai sai farin kumfa, ƙirjinka na ci da wuta, lokaci kuma ya ƙi tafiya. Da ƙyar na kwance kaina na fito, aka jefo mini igiya, aka jawo ni ina tari ina amayar da ruwa. Aka ce daƙiƙu ne kawai na yi a ƙasa, ban yarda ba.

Kwana uku ina cin na jaki. Abin da ya ɗaure wa mai horarwar kai shi ne, hannuna daidai yake, durƙusona daidai yake, amma kwale-kwalena kullum sai ya bar tsakiyar ruwa ya nufi bango. Yana isa can ruwan gefe ya kama gindinsa ya juya shi, in kife. A rana ta uku ya bar kallon kwale-kwalen ya bi ni a guje ta bakin kogin yana kallon fuskata. Da na fito ya tare ni.

"Me kake nema a bango? Tun daga sama har ƙasa idonka ba ya kan ƙofa. Ka kalli tsanin ƙarfe, ka kalli matakala, ka kalli gada. Me ka ajiye a can?"

Na san amsar, kuma ta ba ni kunya. Inda zan hau nake nema. Ko sanin ina yi ban yi ba. Shi kuwa kwale-kwale inda idonka ya kalla nan kafaɗarka ke juyawa, inda kafaɗarka ta juya nan yake bi. Darasin da Baba ya ba mu don ya tsare ranmu a titunan Makka, shi ne yake kifar da ni a nan. Na zauna a bakin ruwa ina ɗiga, raina a ɓace. Na yi fushi da Baba, na yi fushi da duwatsun garinmu, na yi fushi da maƙwabcin nan mai leƙe ta taga, da kowa ma. Na bar gida, na bar ƙasa, na sayar da wurin zamana a farantin Juma'a, ashe Baba yana cikin kwale-kwalen tare da ni yana juya mini kai.

Mai horarwar ya ce in ban iya saukowa daga sama har ƙasa ba tare da an jawo ni da igiya ba, ba zai bari in shiga tseren ba, kuma gaskiyarsa ce. Saura kwana huɗu. Na ce masa ya tanadar mini lambar shiga tseren.

Ba wata dabara na yi ba. Kafin in shiga ruwa sai in bi bakin kogin a ƙasa, in kalli kowane tsani da kowace matakala har idona ya ƙoshi, in ce to na gan ku, na san inda kuke. Sannan in durƙusa, in kafa ido a ƙofa ta farko, ina ƙirga su da ƙarfi da Hausa don kada kaina ya sami sararin yin wani tunani. Masu ceto suka riƙa dariya suna kwaikwayona, "ɗaya, biyu, uku," da bakinsu da bai iya ba. Idon bai daina zamewa ba, amma na riƙa kama shi ina dawo da shi. Ana gobe tsere na sauko har ƙasa a cikin kwale-kwalena, sau biyu a jere.

Ranar tseren sau biyu ake saukowa, a ɗauki wanda ya fi kyau. A na farko na tsallake jar ƙofa guda, ruwa ya wuce da ni ina kallonta. A na biyu na kife a ƙasan babbar gangara, daidai inda ruwa ke juyowa yana cin kansa. Wutar nan ta kama ƙirjina, hannuna ya kai ga maɗaurin zai kwance, na ce wallahi ba inda za ni. Na shimfiɗa filafili, na murɗa ƙugu, sai ga sama da rana da mutane suna ihu. Na ratsa sauran ƙofofin ina taɓa wasu, na kai ƙarshe. Ni ne na biyun ƙarshe a rukuninmu, kuma wanda na wuce filafilinsa ne ya karye. Na tsaya a gaban allon sakamako ina kallon sunana da sunan garina a gefensa, na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Juma'ar farko bayan dawowata, Umma ta zuba mini tuwona a ɗan kwano ta ce in ci a kicin, idonta ya yi ja. Na ce mata Baba farantinsa ya hana ni, bai hana ni ɗakinsa ba. Na ɗauki kwanona na shiga, na gaishe shi, ya amsa, na zauna daura da shi na yi bisimilla. Na ci tuwona a nan har aka tashi. Yayana ya ja ni gefe ya ce abin ai mai sauƙi ne, in ce wa Baba na daina, in ci gaba da zuwa a ɓoye, wa zai sani? Na ce ban taɓa yi wa mahaifina ƙarya ba, kuma ba zan fara a kan tuwo ba. Ya ce to sai in ci taurin kaina in ƙoshi.

Haka muka yi watanni. Duk Juma'a ina nan da kwanona, shi yana can da farantinsa, muna gaisawa, muna maganar zafi da cunkoson Kudai, ba mai ambaton ruwa. Ba zan ce abin bai dame ni ba. Akwai ranakun da tuwon ke fita raina in na ga hannun 'yan'uwana na haɗuwa da nasa a miya ɗaya. Amma na ci gaba da zuwa Jidda, na ci gaba da hawa saman gida, kuma ban damu maƙwabta su gan ni a kan tayata ba.

Wata rana bayan la'asar na biya ta rumfarsa, na tarar da shi shi kaɗai, masu saye ba su fara zuwa ba. Na wanke hannu na zauna ina taya shi soka nama a tsinke, kamar yadda na saba tun ina ƙarami. Muka soke tsinkaye da dama. Can, bai ɗago kai ba, ya ce, "An ce ruwan ya kifar da kai."

Na ce e, ba sau ɗaya ba.

Ya barbaɗa ƙuli a kan tsinken da ke hannunsa, ya juya shi, ya sake barbaɗawa inda ya riga ya barbaɗa. Sai ya fara ba ni labarin da bai taɓa ba kowa a gidanmu ba. A lokacin shekararsa goma sha ɗaya, ƙaninsa takwas, an aike su kai abinci rumfar mahaifinsu. Ruwan ya tarar da su a tsakiyar titi, suna riƙe da hannun juna. Shi ya ga wata taga mai ƙarfe, ya miƙa hannu ɗaya bai kai ba, sai da ya miƙa biyun.

"Ni na sake shi," in ji Baba. "Ba ruwa ne ya ƙwace shi ba."

Garwashi na ta ƙara a tsakaninmu. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya yi tambayar da na gane ya shekara hamsin yana neman wanda zai yi wa.

"Kai da ka shiga ƙarƙashinsa ka fito, gaya mini. Yana daɗewa? Akwai wahala?"

Na san gaskiyar amsar a ƙirjina, kuma ni ne mutumin da ya zaɓi cin tuwo shi kaɗai a kan ya yi ƙarya. Na kalli hannunsa, wanda ya saki ƙaninsa da shi.

Na ce, "Ba ya daɗewa, Baba. Shiru ne kawai da haske, kamar barci ya ɗauke ka."

Ya rufe ido ya daɗe a haka, leɓɓansa na motsi. Da ya buɗe ya goge fuska da gefen rawaninsa ya ce hayaƙi ne. Ya jera tsinkayen a bakin wuta ɗaya bayan ɗaya.

"Har yanzu ban yarda ba," ya ce.

"Na sani, Baba. Wata mai zuwa zan koma."

Wannan ce ƙarya ɗaya tak da na taɓa yi masa, kuma ban yi nadamarta ba. Juma'ar da ta biyo baya na ɗauki kwanona na zauna a inda na saba zama.